Idan Nono Ya Yi Ta Lalacewa, A Duba Ƙwarya

Bafulatanar da ke tallan nono ta san wani abu da yawancinmu muka manta. Idan ta zuba madara a ƙwarya ta rufe da faifai, washegari ta tarar ta tsinke, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda, ga wani ɗan wari, za ta zubar ta ce tsautsayi ne. Idan abin ya maimaita jibi da gata, ba za ta tsaya zargin saniya ba. Ƙwaryar za ta ɗauka ta fita da ita rana, ta bi cikinta da yatsa a hankali. Galibi sai ta ci karo da wata siririyar tsaga, ko wurin da gyartai ya taɓa ɗinkewa, inda tsohon nono ya maƙale ya ruɓe, wankin yau da kullum bai kai gare shi ba. Duk madarar da aka zuba a ciki, komai kyanta, da wannan ruɓaɓɓen za ta kwana.

Akwai gidaje da yawa da haka lamarinsu yake. Yaro ya kwanta, a kai shi kemis ko asibiti, a yi allura, a sa ƙarin ruwa, ya miƙe ya koma wasa. Bayan mako uku ga shi a kwance kuma, ko ƙanwarsa, ko uwarsu. Maigida ya gama biyan bashin wancan watan ke nan, sai ga wata takardar magani. Za ka ji ana cewa, "Ciwon nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa," ko kuma, "Tun da muka dawo gidan nan ba mu huta ba." Daga nan sai zato ya fara yawo. Wata ta ce kishiya ce, wani ya ce an yi binne a ƙofar gida, tsohuwa ta ce gidan bai karɓe su ba. Wasu kan tattara kayansu su tashi, kuma su sami lafiya a sabon wuri, sai wannan ya ƙara tabbatar musu cewa lallai akwai wani abu a tsohon gidan.

Ni a wurina sun yi gaskiya, akwai wani abu a gidan. Idonsu ya ga daidai. Abin da ya rage shi ne a bi gidan da yatsa kamar yadda ake bin ƙwarya, a gano inda tsagar take. Yin addu'a da neman tsari ba ya hana mutum leƙa rijiyarsa, kuma abin baƙin ciki ne a ɓata zumunci da maƙwabci ko abokiyar zama a kan cutar da ke fitowa daga kicin.

Babu inda wannan magana ta fito fili kamar Zamfara a shekarar 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, yara ƙanana suka yi ta amai da suma da jijjiga suna mutuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. An yi zaton sanƙarau ne, ba shi ba ne. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jinin yara aka gwada, sannan aka gane gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a shekarun nan, maza na haƙo duwatsu daga rami suna kawowa gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanya garin a tsakar gida. Duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi tabarma, ta bi kwanon abinci, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun mutu cikin shekara guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hukuncin da likitocin suka yanke daga baya. Akwai magani mai janyo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma suka ce ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi ɗakin da zai sake haɗiyar gubar a daren, don haka sai an fara gyara gida. Aka bi gidaje ɗaya bayan ɗaya ana kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, ana kwashewa a binne nesa da gari, ana zubo sabuwa mai tsabta. A Bagega, inda kuɗin aikin suka makale, yara sun jira har 2013 kafin a share garin a fara ba su maganin. Wannan shi ne hukuncin mai nono, sai dai a nan rayukan yara ne a cikin ƙwaryar. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Mai karatu zai ce shi ba ya daka dutsen zinare a gidansa. Haka ne, amma dalma tana da wasu ƙofofin. Tana cikin tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida, tana cikin wasu fentin mai, tana kuma cikin wani kwallin da ake rambaɗa wa jarirai tun ranar suna. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan iyayen Najeriya, da aka bincika sai aka tarar kwallin da ake sa masa a ido sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Irin wannan gubar ba ta cika kayar da yaro nan take ba. A hankali take cin jininsa, ta sa shi ciwon ciki da rashin cin abinci da yawan fushi, ta dakushe ƙwaƙwalwarsa, a wayi gari ana dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa.

Amma tsagar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce hayaƙi. Mun saba da shi har ba ma ƙirga shi cikin abin da ke cutarwa. Duba matar da ke girki a murhun duwatsu uku da ɗanyen icce ko kara, ta durƙusa tana hura wuta da baki, idonta na hawaye, ga goyo a bayanta yana shaƙar duk abin da ta shaƙa. Da damina murhu ya koma cikin rumfa ko ɗaki. Wata ma da leda take kunna wutar saboda kananzir ya yi tsada. A ɗaga kai a dubi kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin madafa, a tuna cewa hayaƙin da ya bar ta can ta gaban hancin mai girki ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma kusan rabin yaran ƙasa da shekara biyar da ciwon huhu ke kashewa, wannan hayaƙin na da hannu a mutuwarsu. Yaron da kowane wata ana cewa "sanyi ya kama shi a haƙarƙari" ko "limoniya ce ta dawo", a tambaya a ina yake zama lokacin da ake girki. A kan wannan kuma sai a ƙara turaren wuta a rufaffen ɗaki, da igiyar maganin sauro da ke ci har asuba a kusa da kan masu barci, da tabar maigida.

Ba kowa ke da halin sayen gas ba, wannan gaskiya ce. Amma busasshen icce, da murhu mai tattalin itace, da girki a fili ko a madafar da aka huda wa taga biyu masu kallon juna, da sauke goyo a ba wani ya riƙe har wuta ta kama, duk waɗannan ba su fi ƙarfin talaka ba.

Akwai kuma wanda ya fi hayaƙin da ake gani haɗari, don shi ba shi da launi ba shi da wari. Iskar kabon monoksaid ce, wadda ke fitowa daga bututun janareta da kuma gawayi mai ci. Jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200, saboda haka ko kaɗan ce a ɗaki sai ta kore mai amfanin ta zauna a wurinta. Mutanenmu na shigar da janareta zaure ko ƙarƙashin matakala ko baranda saboda tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Da hunturu kuma a cika kasko da garwashi a kai wa tsoho ko mai jego, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Idan iskar ta yi yawa, safiya ake fasa ƙofa a tarar da iyali gaba ɗaya sun mutu, kuma jaridu sun sha kawo irin wannan labari daga garuruwa daban-daban na Najeriya. Idan kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, sai mutum ya riƙa tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Waɗannan su ne alamomin da ake kai wa mai kemis, shi kuma ya ce maleriya da taifod. Gwajin jinin taifod ɗin nan da aka fi yi, wanda ake kira Widal, sau da yawa yana nuna cutar ga wanda ba ya ɗauke da ita, sai a yi ta haɗiyar ƙwayoyi na makonni alhali abin da ke damun mutum yana nan yana ruri a bakin tagarsa kowane dare.

Gane wannan ba ya buƙatar na'ura. Shin mutanen ɗaki ɗaya ne ke tashi da ciwon kan tare? Shin yana sauka idan an fita kasuwa ko makaranta, ya dawo da dare? Shin wanda ya je ƙauye ya kwana biyu yana warkewa ba magani, ya dawo ya sake kwantawa? Shin ranar da aka kawo wutar lantarki ba a tayar da inji ba kowa na tashi garau? In amsar ta zama e, an sami tsagar. Janareta wurinsa waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututunsa na kallon nesa da ɗaki. Kasko kuma a ji ɗuminsa a fitar da shi kafin a kwanta. In aka tarar da wani a galabaice a irin wannan ɗaki, a fito da shi fili nan take, a buɗe ƙofofi, a nufi asibiti, kada a tsaya yayyafa masa ruwa.

Sai ruwan sha. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. To a dubi filayen awon igiya da ake yankawa a gefen biranenmu, gidan gaba ɗaya bai kai mita 20 ba, kuma kowa ya haƙa rijiyarsa ya haƙa shaddarsa. Ko ka nisanta taka, ta maƙwabci na jingine da katangarka. Da damina ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin ramin nan ya tsiyaya zuwa wancan. Ruwan na iya fitowa garau, ba wari ba ɗanɗano, amma gidan ba ya rabuwa da gudawa da ciwon ciki. Famfo ma ba a cire shi ba, don bututun da ya ratsa ta cikin kwata, in ya tsage, lokacin da aka ɗauke ruwa yakan zuƙo ƙazantar ciki. A shekarar 2021 an sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Wani lokacin ma ruwan da tsabtarsa yake shigowa gida, a cikin gidan yake lalacewa. A leƙa cikin jarkar ɗan garuwa a ga gansakuka. A tsaya a gefen randa na sa'a ɗaya a ƙirga hannayen da ke shiga: yaro ya fito daga bayi ya dumbuza moɗa har wuyan hannu, ya sha, ya mayar da sauran, ya ajiye moɗar a ƙasa, wani ya ɗauka. Randa ɗaya ce ke raba wa gida duka abin da ke cikin mutum ɗaya. Mata da yawa na jefa alif su ga ruwa ya kwanta su sakankance, alhali alif laka yake kwantarwa, ba ya gamawa da ƙwayoyin cuta. Tafasawa ko ɗiga sinadarin kilorin bisa ƙa'ida ne ke kashe su. Randa mai murfi da ɗan famfo a ƙasa, ko ludayi mai dogon hannu da ake ratayewa, sun isa su rage zuwa asibiti a gida mai yara.

Ɗakin ajiyar hatsi shi ma yana da nasa. Gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba kan yi hunhuna, hunhunar nan kuma tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana hana yara girma, tana cikin abubuwan da ke kawo kansar hanta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Mu kuwa al'adarmu ita ce a tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar ta bugu da mai ɗaci a gida a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita. Don gudun ƙwari kuma sai a zuba wa wake fiya-fiya, ko a cusa ƙwayar magani mai fitar da iskar guba a cikin buhu, sannan a jingine buhunan a ɗakin da yara ke kwana. Yawan irin wannan maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wanda suka ƙi saye shi muke dafawa. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ya daɗe a kasuwanninmu, kuma ba ya buƙatar ɗigon magani.

Sauran an san su, ba sai an tsawaita ba. Bangon da ke tsatsafo da danshi ya yi baƙi-baƙi a bayan gado ko kabad, da tsohon kafet, da kyankyasai, duk suna tayar wa mai asma da ciwonsa. Ɓera mai fitsari a kan abincin da aka bari a buɗe shi ke kawo zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno a 1969. Sauro ba ya buƙatar kududdufi, ɗan ruwan da ya kwanta a bayan ɗaki ya yi kwana goma ya ishe shi ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ɗakin da mutum takwas ke kwana, taga a rufe, shi ne wurin da tarin fuka da sanƙarau ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ƙazwa kuma in aka yi wa mutum ɗaya magani aka bar sauran da shimfiɗarsu, dawowa za ta yi.

Ba ina cewa duk ciwon da ke dawowa daga gini yake ba. Akwai yaro mai sikila, akwai mai tamowa, akwai wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, akwai wanda ake yanke masa magani da zarar ya ji sauƙi, akwai kuma jabun magani. Waɗannan sai likita da gwaji, kuma binciken gida ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Sai dai likitan da ke da layin mutum ɗari a ƙofarsa jikin da aka kawo masa kawai yake gani. Bai ga rijiyar ba, bai ga inda injin ke kwana ba.

A da akwai mai yin wannan aiki. Dattawa na tuna duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida-gida ya buɗe randa ya duba ko akwai 'ya'yan sauro, ya leƙa masai, ya ci tarar wanda ya bar kwata ta toshe. Mata na jin an ce ga shi nan tafe sai wanke-wanke da shara su kankama. Har yanzu akwai jami'an tsabtar muhalli a ƙananan hukumomi, amma unguwanni da yawa sun shekara ba su ga ƙeyarsu ba. A ganina dawo da su bakin aiki, da ba su ikon hana a haƙa shadda a gindin rijiya tun ana aza tubali, ya fi gina sabon ɗakin kwantar da marasa lafiya arha. Masu gidajen haya su ma su ji tsoron Allah. Ɗan haya ba shi da ikon huda taga ko matsar da masai, kuma wanda ke karɓar kuɗin ɗakin da bangonsa ke zubar ruwa yana da kaso a cikin tarin yaran da ke kwana a ciki.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, kafin duba-gari ya zo, ku sami ɗan littafi. Duk wanda ya kwanta ku rubuta sunansa, da ranar, da ɗakin da yake kwana, da abin da ya ci, da inda aka ɗebo ruwan ranar, da ko an tayar da inji ko an shiga da kasko. Wata biyu ko uku sun isa ku fara ganin inda abin ya karkata. Ranar da za ku koma asibiti ku tafi da littafin, kuma ko likita bai tambaya ba ku faɗa masa: ga sana'ar da ake yi a gidanmu, ga inda muke girki, ga tazarar rijiyarmu da masai, ga abin da muke zuba wa hatsi.